Bindigar XRF ta Vanta a hannun mai neman ma'adinai: abin da take gani da abin da ba ta gani

Daga Aboabo zuwa Alabar a Kumasi, hirar masu sha'awar zuba jari a harkar ƙasa ta sauya. Da can gwal ne kaɗai a baki. Tun da gwamnatin Ghana ta ba kamfanin Atlantic Lithium izinin haƙa a Ewoyaa, kusa da Mankessim, a watan Oktoban 2023, sai litiyom ya shigo cikin zance. Yanzu ba wuya a kawo wa Alhaji farin dutse a leda har shagonsa a Kumasi, a ce masa an harba wa dutsen bindiga kuma ta nuna akwai kaya. Bindigar da ake nufi ita ce na'urar XRF ta hannu, mai gano sinadaran da ke cikin dutse da hasken eksire. Wadda za mu duba a nan ita ce Vanta, samfurin mai ƙarfin kilobolt 50 da manhajar GeoChem, wadda aka fara sayarwa da sunan Olympus daga baya ta koma Evident. Mafi yawan abin da za a faɗa ya shafi takwarorinta irin su Niton da Bruker S1 Titan, domin duk hanyar aikinsu ɗaya ce.

Na'ura ce mai kyau ƙwarai. A hannun wanda ya san ta, tana rage masa watanni na jira da kuɗin gwaji mai yawa. Sai dai abubuwa biyun da mutanenmu suka fi sayenta dominsu, wato gwal a cikin dutse da litiyom, su ne daidai inda ƙarfinta ya gaza. Wanda zai fitar da dubun-dubatar daloli ya saye ta, ko ya biya a zo a harba masa dutse, ya kamata ya san wannan tun kuɗin bai bar aljihunsa ba.

Aikinta a taƙaice shi ne: tana harba hasken eksire a kan wuri ɗan ƙarami da faɗinsa bai kai santimita ɗaya ba. Kowane sinadari da hasken ya taɓa sai ya mayar da nasa haske mai ƙarfi na musamman, kamar yadda kowane mutum yake da muryarsa. Idon da ke bayan tagar na'urar ya ƙirga waɗannan muryoyi, manhaja ta mayar da su lambobi a kan allo. Sinadarai masu nauyi muryarsu tana fita ras. Marasa nauyi kuwa tasu tana mutuwa a cikin iska da ledar tagar kafin ta isa idon. Mafi ƙarancin nauyi da wannan na'ura ke ji shi ne magniziyom, mai lamba 12 a jadawalin sinadarai. Litiyom lamba 3 ne. Babu saiti, babu manhaja, babu tsawon lokacin harbi da zai sa ta gan shi. Duk wanda ya nuna maka allon XRF ya ce ga litiyom kaza cikin ɗari, ko dai bai san na'urar ba, ko kuwa lissafi ne aka ƙiyasta daga wasu sinadarai aka laƙaba masa suna. Haka ma girafait, irin wanda aka samu a Kambale kusa da Wa: kabon ne, lamba 6, bindigar ba ta ganinsa.

To me ya sa masu binciken litiyom na gaskiya suke yawo da ita? Saboda litiyom ba ya tafiya shi kaɗai. Dutsen da ke ɗauke da shi a Ewoyaa fegmatait ne, wato ragowar narkakken dutse da ya sandare a ƙarshe da manyan ƙwayoyi, kuma ma'adinin litiyom ɗin da ke ciki shi ne sifodumin. A irin wannan ragowa ne rubidiyom da siziyom da tantalom da kuza suke taruwa. Rubidiyom kuwa na daga cikin abubuwan da Vanta ta fi iya karantawa, har ɗan kaɗan take kamawa. Dabarar da ake yi ita ce a harbi ƙwayar felsifa mai potasiyom, ko ɓawon maika fari mai tsabta, wato ma'adinai biyu da ake samu a jikin fegmatait, a raba adadin potasiyom da na rubidiyom. A dutsen giranait na yau da kullum sakamakon yakan haura 150. In ya riƙa sauka yayin da kake tafiya daga wannan fegmatait zuwa na gaba, har ya gangaro ƙasa da 30 ko makamancin haka, to kana dosar inda litiyom zai iya kasancewa. Wannan alƙibla ce kawai take ba ka, ba awo ba. Kuma dole a riƙa harbin ma'adini iri ɗaya kowane lokaci. In yau ka harbi felsifa gobe ka harbi kwaz, wato farin dutsen nan mai kama da gilashi, lambobin ba su da abin kwatantawa. Siziyom sai da harbin kilobolt 50 ake jinsa sosai, shi ya sa samfurin mai kilobolt 40 bai dace da wannan aiki ba ko da ya fi araha. Tantalom kuma muryarsa tana dab da ta jan ƙarfe, don haka in adadinsa kaɗan ne kada a rantse a kansa.

Ido da hannu ma suna da aikinsu a nan. Sifodumin yakan fito dogo kamar tsagin katako, fari ko mai ɗan kore, yana tsagewa ta fuska biyu da suka kusa haɗuwa a kusurwa mai digiri 90, kuma ya fi felsifa nauyi a tafin hannu: kusan ninki 3.1 zuwa 3.2 na nauyin ruwa, felsifa kuwa wajen 2.6. Matsalar ƙasarmu ita ce ruwan sama da zafi suna ruɓar da shi ya koma farar laka, litiyom ɗin ya wanke ya tafi. Dutsen da ke sama zai iya nuna kaɗan alhali na ƙasa da ba a taɓa ba yana da yawa. Shi ya sa a Ewoyaa aka yi ta huda ƙasa da ƙaramin injin huda mai murɗawa, da ake kira oga, don a bi sawun fegmatait a ƙarƙashin ruɓaɓɓiyar ƙasa kafin a kawo manyan injinan huda.

Mai son lambar litiyom a daji nan take sai ya nemi wata bindiga daban, mai aiki da lesa, wadda ake kira LIBS, irin ta kamfanin SciAps. Ita tana ganin litiyom, amma wurin da take ƙonawa kamar bakin allura ne, kuma wasu samfuranta suna cin iskar agon da sai an yi ta sayo ƙananan tukwanenta. A dutsen da ƙwayarsa ɗaya ta kai tsawon hannu, harbi ɗaya a kan sifodumin zai ba ka kusan kashi 7 ko 8 cikin ɗari na litiyom oksaid, harbi na biyu a kan kwaz ɗin da ke gefensa ya ba ka sifiri. Ba ɗayansu da ke gaya maka abin da ramin yake ɗauke da shi. Ma'aunin Ewoyaa gaba ɗaya bai wuce kashi 1.2 zuwa 1.3 cikin ɗari na litiyom oksaid ba, kuma wannan ma'adana ce da ake ganin ta isa haƙa. Amsar gaskiya tana ɗakin gwaje-gwaje: a yanki tsagi a gicciye daga wannan gefen fegmatait zuwa wancan, a tara kilo 3 zuwa 5 a kowace mita, a niƙa duka, a nemi a narkar da garin da sodiyom feroksaid. Kada a yarda a narkar da shi da litiyom boret, wanda ake yawan amfani da shi wajen wasu gwaje-gwaje, don an zuba abin da ake nema ke nan a cikin samfurin. In takarda ta fito, a duba ko litiyom zalla aka rubuta ko oksaid. Ana ninka na farko da 2.153 a sami na biyu, wato 5,000 ppm (kashi cikin miliyan) na litiyom daidai yake da kusan kashi 1.08 cikin ɗari na oksaid. Ciniki da yawa yana ruɗewa a kan wannan ninki kaɗai.

Sai gwal, inda asara ta fi yawa.

Gram ɗaya a tan ɗaya, wato ppm ɗaya, daidai yake da gram ɗaya na zinariya a watse cikin nauyin buhun siminti 20. Manyan ramukan buɗe-ƙasa suna cin riba a kan gram 1 zuwa 2 a tan. Alamar gwal a ƙasar sama kuwa, wadda ake bi a gano jijiya, da kashi cikin biliyan ake auna ta. Bindigar hannu ba ta fara jin gwal sai ya kai ppm da dama, wannan ma a cikin farin kwaz mai tsabta. Ashe dutse zai iya zama na riba sosai allon ya ce bai ga komai ba. Ɓangaren da ya fi cutarwa shi ne akasin haka. Babbar muryar gwal tana kan 9.71 a ma'aunin keV, wanda ake auna ƙarfin hasken da shi. Tutiya tana da murya a 9.57, tangistin yana da tasa a 9.67. Muryar gwal ta biyu tana 11.44, asenik kuma yana da tasa a 11.73. In ɗaya daga cikin waɗannan ya yi yawa, manhajar takan kasa rarrabewa ta rubuta gwal ppm 20 ko 40 a inda babu ko ƙwaya. Tsofaffin duwatsun da ake kira Birimiyan da suka shimfiɗu ƙarƙashin yankin Ashanti kuwa cike suke da asenik a wuraren da ake nema. A lura da wani abu da ake yi kullum ba tare da an sani ba: a kwaso ƙasa jiƙaƙƙiya, a shanya ta a kan tsohon kwanon rufi a tsakar gida, a motsa da hannu har ta bushe. Kwanon rufi da tutiya aka lulluɓe shi. Ƙasar ta kwashi tutiya, bindiga ta karanta ta a matsayin gwal, mutum ya je ya biya kuɗin fili. Rariyar tagulla ma tana zubar da jan ƙarfe da tutiya a cikin gari, haƙorin injin huda kuma yana barin tangistin. A yi shanya a kan leda mai kauri ko farantin roba, a yi tankaɗe da rariyar nailan ko ta ƙarfe marar tsatsa.

Amfanin Vanta a neman gwal yana wajen asenik ɗin nan da kansa. A Obuasi, kaso mai yawa na zinariyar a kulle yake cikin asenofairait, wato ma'adinin asenik, ba a ganinsa da ido, ba ya fita a kasko. Asenik yana yaɗuwa a ƙasa fiye da gwal, kuma bindigar tana jinsa daga ppm kaɗan. Taswirar asenik da aka zana daga ɗaruruwan samfuran ƙasa takan nuna layin jijiya tun kafin amsar ɗakin gwaji ta dawo. Abu biyu ne za a kiyaye. Muryar asenik ta farko, 10.54, ta haɗu da ta dalma, 10.55, don haka inda dalma take da yawa sai a yi hattara da lambar asenik. Na biyu, dabarar ba ta aiki a duwatsun Tarkwa, domin gwal ɗin can tsohon yashin kogi ne da ya daskare ya zama dutse mai tsakuwa, bai zo tare da asenik ba. Wanda ya ɗauki darasin Obuasi ya kai Tarkwa zai wuce arziki bai sani ba. Gwal dai a ƙarshe sai gwajin wuta: a niƙa samfur har kashi 85 cikin ɗari ya wuce rariya mai maikron 75, a narkar da gram 30 ko 50. Kamfanin ALS yana da ɗakin gwaji a nan Kumasi, kamfanonin SGS da Intertek kuma nasu yana Tarkwa.

Ga masu sayen narkakken gwal lamarin daban ne. A kan dunƙulen da aka riga aka narkar, in an sa manhajar ƙarafa masu daraja, na'urar tana ba da karat cikin daƙiƙoƙi kuma da kyau. Amma fatar sama kawai take karantawa, kaurin da bai kai na gashin kai ba. Dunƙulen da aka yi wa rufi zai wuce ta lafiya lau. Awon nauyi a cikin ruwa ma bai isa shi kaɗai ba, tunda tangistin nauyinsa kusan ɗaya da na zinariya, 19.25 da 19.3. A huda dunƙulen ta wuri biyu ko uku a harbi garin da ya fito, ko a sake narkarwa a gaban mai shi. Tun 2025 kuma sayen gwal daga ƙananan mahaƙa sai da lasisin GoldBod, hukumar gwal ta gwamnati.

Inda bindigar ta cancanci kuɗinta ba gardama shi ne ƙarafan da ake aunawa da kashi cikin ɗari ko ɗaruruwan ppm: manganis, ƙarfe, jan ƙarfe, tutiya, dalma, nikel. Manganis irin na Nsuta, da ake haƙa tun 1916, tana karanta shi cikin rabin minti. Tarkon da ke nan na kobal ne, kuma ya kamata a jaddada shi tunda sunan kobal yana kaɗa zuciya a kasuwar batir. Muryarsa tana 6.93, ƙarfe kuma yana da ta biyu a 7.06. Marmara da jar ƙasar da suka rufe yawancin ƙasarmu ƙarfe ne jibge, don haka allon yakan nuna kobal na ɗaruruwan ppm a dutsen da ake cike hanya da shi. A duba lambar kuskure da ke gefen kowane sakamako. In adadin bai ninka ta sau uku ba, a ɗauka ba a ga komai ba. Boksait, dutsen alminiyom, na Awaso ko na Nyinahin kuma tana gwada shi, sai dai alminiyom da silikon marasa nauyi ne, ɗan danshi yana karya lambarsu, sannan jimillar silika take bayarwa, alhali matatar da ke tace boksait silikar da ke cinye soda take tambaya.

Duk wannan ya dogara da yadda aka shirya samfur, nan ne kuma aka fi yin ganganci. Harbin dutse a inda yake, da ƙura da gansakuka a jikinsa, hasashe ne. Aikin ƙwarai shi ne a ja layuka, misali mita 200 tsakanin layi da layi, mita 50 tsakanin rami da rami, a haƙa santimita 30 zuwa 50 a wuce baƙar ƙasar sama mai saiwoyi, a ɗebo kamar rabin kilo, a rubuta lamba a jikin jaka da kuma a takarda a ciki, a ɗauki wurin da GPS. A busar sarai. Da damina samfurin da ke da danshi kashi 20 cikin ɗari zai ba da lamba ƙasa da gaskiya a kusan kowane sinadari, kuma tunda danshin ba ɗaya ba ne daga rami zuwa rami, taswirar da za ta fito ta ruwa ce. A tankaɗe da rariya mai maikron 180, a cika ɗan kofin gwaji har kaurin garin ya wuce santimita ɗaya, a danne, a rufe da siririyar ledar folifirofilin mai maikron 4. Harbi ta cikin ledar kasuwa yana wucewa ga asenik da rubidiyom, amma yana cinye potasiyom da alminiyom, kuma farar leda ko takarda kan ƙara nata titaniyom ko kalsiyom. Daƙiƙa 30 ga kowane zango na harbi ya wadatar a aikin yau da kullum, a ƙara wa zangon sinadarai marasa nauyi in su ake nema. Bayan kowane samfur 20 a harbi farin yashin silika mai tsabta don a ga ko taga ta yi datti, a harbi garin da aka riga aka san adadinsa irin na kamfanin OREAS, a kuma maimaita samfur ɗaya. Sannan a tura aƙalla ɗaya cikin goma zuwa ɗakin gwaji, a jera lambobin biyu gefe da gefe. In bindiga tana ba da ƙasa da na ɗakin gwaji da wani kaso tsayayye, ana iya gyara wannan a cikin manhajar. In kuwa lambobin sun watse ba tsari, matsalar tana wajen shirya samfur.

Jikin na'urar ya yi. Nauyinta bai kai kilo 2 ba, tana jure ƙura da yayyafi, allon yana karantuwa a rana, ana sauya batir ba tare da an kashe ta ba, sakamako kuma yana sauka a kwamfuta ba wahala. Rauninta tagar gaba ce. Leda ce siririya, bayanta kuma idon da ya fi komai tsada a cikinta yake. Tsinin kwaz ɗaya in ya huda ya taɓa idon, gyaran ba na bakin titi ba ne, sau da yawa sai an fitar da ita waje, aiki ya tsaya. A sayi tagogin canji da yawa tun farko, a duba tagar kowace safiya da haske, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Kada a bar ta a gaban mota a rana, domin idon sanyaya shi ake yi daga ciki, zafi na sa ta daɗe ba ta shirya ba. Fitowa da ita daga mota mai sanyi kai tsaye zuwa cikin gumin daji yana sa raɓa ta kwanta a tagar, sai a ba ta mintuna ta saba. Mai sayen ta hannu ya tambayi shekarun bututun eksire da ranar da aka yi mata saitin ƙarshe, ya kuma tabbatar manhajar GeoChem tana ciki. Da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a kasuwa na masu tantance ƙarafan gwangwan ne, saitinsu na gaurayen ƙarfe ne, in aka harba su a dutse sai su tilasta lissafi ya cika ɗari su ba da shirme. Sayen irin wannan ba a gwada ba cinikin biri a sama ne.

Hasken da take fitarwa ba a ganinsa, ba a jinsa, amma yana ƙona nama a hankali. Babban kuskure shi ne a riƙe dutse a tafin hannu a harba, ko a ɗora shi a cinya. Ƙaramin samfur a cikin akwatin gwaji mai rufi ake sa shi, kuma yara su yi nisa. Shigo da ita da amfani da ita yana buƙatar izinin Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Ghana, wadda aka kafa da dokar 2015, ma'aikaci kuma ya rataya ɗan alamar auna haske da ake samu ta cibiyar kariya da ke ƙarƙashin Hukumar Makamashin Atom a Kwabenya.

Mallakar bindiga ba ta ba kowa ikon bincike. A tsarin mulkin 1992 da Dokar Ma'adinai ta 2006, mai lamba 703, duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa yana hannun Shugaban Ƙasa a madadin jama'a, amincewar sarki ko mai gona ta shafi saman fili ne kawai. Lasisin leƙen farko na wata 12 ne kuma bai yarda da huda ko haƙa ba. Na bincike mai zurfi yakan kai shekara 3. Na ƙananan mahaƙa na 'yan ƙasa ne kaɗai, kuma bai wuce eka 25 ba. Kafin a biya ko sidi ɗaya a kan fili, a duba taswirar Hukumar Ma'adinai, wato Minerals Commission, a ga ko wani bai riga ya riƙe wurin ba, sannan a leƙa ofishin Hukumar Binciken Ƙasa a Accra. Tun 1913, zamanin Albert Kitson, ake tara rahotanni a can, kuma sifodumin ɗin yankin Mankessim da Winneba ma ma'aikatanta sun rubuta labarinsa tun shekarun 1960.